Lemuel Broadnax da Kwalin Fayafayan Ƙanensa

Duk wanda ya zauna a unguwar Hill ta birnin Pittsburgh bayan yaƙin duniya na biyu ya san Lemuel Broadnax, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan mai raba wasiƙu, wanda ke hawa tudu yana sauka da jakar fata a kafaɗa, hannun hagunsa kullum a aljihu. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana wannan aiki, amma da kunnensa aka fi saninsa. In aka ɗora faifan kiɗan jaz a garmaho, kafin ka haɗiye yawu ya gaya maka wanda ke busa ƙaho da wanda ke kan ganga, har ya ƙara maka da cewa mai piyanon da yunwa ya shiga ɗaukar kiɗan.

Shi ma da makaɗi ne. Mahaifiyarsu, Mama Zilphia, ta karɓo wani tsohon piyano da cocinsu ya gaji da shi, maza shida suka hau da shi matakalar gidan suna nishi. A kansa Lemuel ya koya, yana ɗan shekara goma sha bakwai har an fara kiransa bukukuwan aure. Abin da ya bambanta shi da sauran samari hannunsa na hagu ne. Yana da wani salo na jan kiɗa baya kaɗan, kamar mai tafiya yana waiwaye, sai masu rawa su ji kamar za su faɗi, sannan ya tare su. Babu wanda ya koya masa.

Da mahaifinsu ya rasu, sai ya gaji gurbinsa a masana'antar narka ƙarfe, don gida ba zai ci piyano ba. Shekararsa ta uku a can wani inji ya kama masa hannun hagu, ya tafi da yatsu biyu. Da ya warke ya sami aikin gidan waya, ya auri Vernell, 'yar layinsu, ya kuma juya kan ƙanensa Otha, wanda ya girme wa da shekara tara. Duk abin da ke cikin hannun nan da ya lalace, sai da ya ɗura shi a hannun Otha. Yakan tsaya a bayansa yana dukan kafaɗarsa da yatsu ukun da suka rage.

"Kada ka yi gaggawa. Ja baya. Ka bar su su jira ka."

"Yaya, ai in na ƙara ja baya, sai na koma jiya."

"To koma jiyan, in ya so ka dawo."

Otha na cika shekara ashirin ya hau bas zuwa New York da akwati ɗaya.

A lokacin akwai shagon aski na Mista Purifoy, inda mazan unguwa ke taruwa ranar Asabar da rana, masu gashi da masu sanƙo. Purifoy na da garmaho a kan kanta, kowa ya sayi sabon faifai can yake fara kai shi a yanke masa hukunci. Al'ada ce duk ƙarshen shekara, Asabar ɗin da ke gaban Kirsimeti, Purifoy ya miƙa wa Lemuel guntun sabulu, shi kuma ya rubuta a jikin babban madubi fayafayan jaz biyar da suka fi kowane a shekarar. Rubutun kan zauna har sabuwar shekara. Masu shagunan faifai na aiko a kwafo musu, don sun san abin da Lemuel ya rubuta shi za a zo nema.

Shekarar 1957 ta zo da albarka. Kusan kowane mako sai an shigo da faifan da zai hana Purifoy aski. Ana cikin haka, a watan Nuwamba, sai ga Otha ya sauka daga bas da kwali a kafaɗa, ya rame, amma fuskarsa sai sheƙi take. A tsakar falon Mama ya yanke igiyar kwalin. Fayafayai talatin ne iri ɗaya, da hotonsa a bango yana zaune gaban piyano, sunan faifan kuma Matakalar Gidanmu.

Mama Zilphia ta rungume ɗaya a ƙirji tana kuka. Otha ya ja yayansa gefe.

"Yaya, kamfanin ƙarami ne, mutum uku ne a ɗaki ɗaya. Ba su da wanda zai yi musu yawo da shi. Sun ce in garinmu ya karɓa, in rediyo ta sa, shaguna suka nemi ƙari, za mu yi na biyu. Ni jibi zan koma, muna da wasa. Kai kuwa babu ƙofar da ba ka ƙwanƙwasawa a garin nan. Ka kai wa Mista Sturdivant na rediyo ɗaya, sauran ka raba wa shaguna."

"Wannan ai ba abin roƙo ba ne," in ji Lemuel. "Ka ɗauka an gama."

Kuma har zuciyarsa ya faɗa. Ya ba Mama nata, ya ɗauki kwalin zuwa gidansa.

Ranar Lahadi bayan coci, Vernell ta tafi gaida 'yar uwarta, ya zauna shi kaɗai ya ɗora allura. Kiɗa na farko ya wuce, na biyu ya wuce, yana gyaɗa kai. Na uku na farawa ya miƙe tsaye. Salon hannunsa ne, shi Lemuel. Wannan jan bayan ne, wannan waiwayen, amma an goge shi, an ƙara masa abin da shi bai taɓa kaiwa ba. Mai ganga da mai babban gogen nan da ake tsayarwa a ƙasa suna biye da Otha kamar sun tashi gida ɗaya. Lemuel ya saurara har ƙarshe, ya juya faifan, ya sake juyawa. Bai taɓa jin abin da ya kai shi ba a shekarar, kuma ya sani.

Sai ya ɗauki bangon faifan ya duba bayansa. Akwai 'yan layuka na godiya. An gode wa Mama Zilphia, an gode wa Cleota, yarinyar da Otha ke shirin aura, an gode wa mai ganga, har da wani mai gidan abinci da ke ba su miya kyauta. Ya karanta sau uku. Babu Lemuel.

Ranar Litinin ya ce kwalin ya yi nauyi a haɗa da jakar wasiƙu, sai gobe. Talata aka yi ruwa. Laraba ya sa faifai ɗaya a jaka, ya je har ƙofar gidan rediyon, ya miƙa wa mai gadi wasiƙun ranar, ya tsaya kamar zai ce wani abu, sannan ya juya. Bai taɓa zama ya ce wa kansa ba zai kai ba. Kullum gobe ne. Da Vernell ta ce kwalin ya tare mata hanya, sai ya saukar da shi ɗakin ƙasa, bayan tarin kwal, ya rufe da tsohon bargo. Da ta tambaya daga baya ya ce ya raba.

Asabar ɗin rubutu ta zo, shago ya cika har ƙofa. Purifoy ya miƙa masa sabulu yana cewa, "To, alƙali, a yi mana adalci." Lemuel ya rubuta faifan Hosea Quarles mai ƙaho, wanda aka ɗauka a gaban jama'a har ana jin ƙarar kofuna. Ya rubuta na 'yan'uwan nan biyu na Detroit, Almond da Almond. Ya rubuta na Marvella Tate, matar da ke waƙa kamar tana yi wa mutum ɗaya raɗa. Na huɗu na wani mai ganga ne da ake kira Little Gaither, na biyar kuma na babbar ƙungiyar Ransom Oakes. Duk fayafayai ne na gaske, babu wanda zai ce an yi son kai. Aka yi ta musu a kan wanda ya kamata ya hau sama.

Purifoy ya dakata da almakashi a sama. "Tsaya, Lemuel. Na ji Mama Zilphia na faɗa a coci wai autanta ya yi faifai. Ina yake? Ko mu ba mu isa mu ji ba?"

Kowa ya juyo. Lemuel ya goge sabulun hannunsa a wando.

"Yaro ne. Bai nuna ba tukuna. In ya yi na biyu ma ji."

"Kai, Allah ya raba mu da kai!" in ji wani daga kan benci. "Mutumin da bai ƙyale ɗan'uwansa ba, wa zai ƙyale?"

Aka kwashe da dariya, aka yi ta yaba masa wai ba ya sayar da kunnensa ko ga jininsa. Wannan yabon ya daɗe yana ƙona shi fiye da zagi.

A watan Janairu wasiƙar Otha ta zo, kuma shi da kansa ya ɗauko ta a jakarsa. Yaya, ina labari? Me Mista Sturdivant ya ce? Lemuel ya yi kwana huɗu da ita a aljihu. Da a lokacin ya sauka ɗakin ƙasa ya ɗauko kwalin, da an ce jinkiri ne kawai. Amma ya riga ya faɗi abin da ya faɗa a gaban madubi, yana jin kunyar a ga ya dawo yana talla. Sai ya zauna ya rubuta cewa Sturdivant ya saurara ya ce ba irin na shirinsa ba ne, shaguna kuma sun karɓa amma babu mai tambaya. Ya ƙara da cewa kada ya karaya, gari ne na masu taurin kunne.

Amsar Otha gajeriya ce. Na gode, Yaya. Na san ka yi iya ƙoƙarinka.

Kamfanin bai kira Otha na biyu ba, kuma kafin shekara biyu ya rufe. Otha ya yi 'yan shekaru yana kaɗa wa mawaƙa a baya, yau nan gobe can, har Cleota ta haifi na biyu. Daga nan ya koma Newark ya buɗe ɗan shagon gyaran piyano. Yakan zo Pittsburgh shekara-shekara ya ga Mama, amma ko kusa da piyanon falo ba ya zuwa. Sau biyu masu gidan rawa na unguwa suka aika masa gayyata, ya ƙi. Mama ta yi ta lallashi.

"Ɗana, sau ɗaya dai, in sa hulata in zauna a gaba, in ce wancan nawa ne."

"Mama, garin da ya ji ya ce ba ya so, me zan koma in yi masa? In kina so, ki zo Newark in kaɗa miki har ki gaji."

Ƙafafunta ba su kai ta Newark ba. Ta rasu a 1964 ba ta taɓa ganin Otha a kan dandali ba. Lemuel na zaune a falon lokacin da aka yi waccan maganar, yana ɓare gyaɗa, bai ɗaga kai ba.

Abin da ya ƙara masa nauyi shi ne jerin 1957 ya zama abin kwatance a unguwa. Shekaru suka wuce, kiɗa ya sauya, samari suka koma wasu abubuwa, amma in tsofaffi suka haɗu sai wani ya ce, "Lemuel, karanto mana biyar ɗin nan na hamsin da bakwai." Sai ya jero su, Quarles, Almond da Almond, Marvella Tate, Gaither, Oakes, a yi ta cewa ba a ƙara shekara irinta ba. Shi kuwa duk Lahadin da Vernell ta fita, sai ya ciro faifai ɗayan nan da ya ɓoye cikin bangon wani faifan waƙoƙin coci, ya saurari kiɗa na uku. Har ya san inda Otha ke jan numfashi.

Vernell ta gano kwalin a 1968, lokacin da za su tashi daga gidan haya zuwa nasu. Ta hau da shi da kanta, ta dire a kan teburin cin abinci, duk baƙin kwal a rigarta.

"Lemuel, mene ne wannan?"

Ya duba kwalin, ya duba taga.

"Ba taga na tambaya ba. Ka ce mini ka raba. Shekara goma sha ɗaya ina jin haushin mutanen garin nan a kan yaron nan. Har matar Sturdivant na daina gaisarwa a kasuwa, baiwar Allah ba ta san laifinta ba."

Ya gaya mata komai, har da layukan godiya. Ta saurara hannu a ƙugu.

"Saboda ba a rubuta sunanka ba."

"Ba haka kawai ba ne, Vernell."

"To mene ne? Otha ne ya sa maka hannu a inji?" Da ta ga yadda fuskarsa ta yi sai ta sassauta murya, ta ja kujera ta zauna. "Ni ba zan gaya masa ba, don ba ni na aikata ba. Amma ba zan taya ka ɓoyewa ba. Kwalin nan ba zai ƙara shiga ɗakin ƙasa ba."

A sabon gidan ta ajiye shi a ƙasan kabad ɗin kayansa, inda duk safiya sai ya ture shi kafin ya ɗauki takalmi. Bai jefar ba, bai kuma kai ba. Haka suka ƙara shekara goma sha ɗaya.

A 1979, bayan ya yi ritaya, ya je asibiti a duba masa hawan jini. A ɗakin jira ya ga wani tsoho a keken marasa lafiya, an lulluɓe masa gwiwa da bargo. Muryar ya gane kafin fuskar. Sturdivant ne.

"Wa nake gani kamar mai sabulu? Broadnax! Zo nan, zo nan. Hamsin da bakwai, ko? Ka san daga madubin Purifoy nake satar shirina na ƙarshen shekara?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya kama hannun rigar Lemuel. "Akwai abin da na daɗe ina son in tambaye ka. Ƙanen nan naka. Wani baƙo daga New York ya taɓa gaya mini ya yi faifai mai kyau ƙwarai. Na aika a nemo, aka ce kamfanin ya mutu. Me ya hana shi kawo mini? Ɗan unguwa guda! Da na sa shi safe da yamma har allura ta huda shi. Na ce ko dai ya shiga New York ya ga mun yi masa ƙauyanci."

Lemuel ya buɗe baki. Ma'aikaciyar jinya ta kira sunan Sturdivant, aka tura kekensa ciki yana ɗaga hannu.

Ashe ba Otha kaɗai ya yi wa ƙarya ba. Ya sa Otha ya ɗauka gari ya ƙi shi, ya sa gari ya ɗauka Otha ya raina shi. Bai jira likita ba. Ya koma gida ya ce wa Vernell ta nemo masa igiya mai ƙarfi. Ba ta tambaye shi komai ba, ta ɗaure kwalin da kanta, ta soya masa kaza ta naɗe a takarda da burodin masara.

Washegari da la'asar ya isa Newark. Shagon Otha ɗan tsukuku ne mai warin itace da man goge katako. Otha na sunkuye cikin wani piyano da aka buɗe wa ciki, yana ɗaure tsirkiya yana danna madanni ɗaya, ya yi furfura, ya yi tumbi.

"A'a, Yaya! Lafiya? Ina Vernell? Me ka ɗauko haka kamar mai ƙaura?"

Lemuel ya ɗora kwalin a kan benci. Yatsunsa suka kasa kwance igiyar, sai Otha ya sa wuƙa ya yanke. Ya ɗaga marfin ya ga fuskarsa ta shekara ashirin da huɗu tana kallonsa, ɗaya a kan ɗaya, ko ledar ba a ɓare ba.

"Shaguna ne suka dawo da su?"

"Ba su taɓa zuwa shago ba."

"Ban gane ba."

"Ban kai ba, Otha. Ko ɗaya. Sturdivant bai taɓa jin sa ba. Wasiƙar da na rubuta maka ƙarya ce daga farko har ƙarshe." Ya dafa kwalin. "Kuma shi ne ya fi duk abin da aka yi a shekarar. Na sani tun ranar da na fara ji."

Otha ya koma gaban piyanon ya ɗauki makullin ɗaure tsirkiya. Ya danna madannin nan, ya murɗa, ya sake dannawa. Ya fi minti biyar yana haka, sauti ɗaya tak na ta maimaituwa a shagon.

"Me na yi maka?" ya tambaya, bai juyo ba.

"Ba ka sa sunana a bayan faifan ba."

Sai a lokacin ya juyo. Ya zaro ɗaya ya juya bayansa, ya nisanta shi da ido don ba ya sanye da tabarau, ya karanta.

"Ikon Allah. Har mai miya na sa." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Mantawa na yi. A tsaye na rubuta, a kan murfin mota, mutumin kamfanin na jira. Kai ai ban ɗauke ka wanda ake yi wa godiya ba, kamar in gode wa hannuna ne. Da ka buɗe baki ka zage ni, Yaya. Da ka mare ni."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Mama ta roƙe ni sau nawa? Kana zaune a wurin."

Otha ya mayar da faifan cikin kwalin, ya nuna masa ƙofa.

"Tashi ka tafi. Bar kwalin, nawa ne. Ka tafi kafin in faɗi abin da Cleota za ta ji kunyarsa."

Shekara biyu babu wasiƙa, babu waya. Katin Kirsimeti kan zo da rubutun Cleota kaɗai. Lemuel ya je gidan Sturdivant da faifansa ɗaya da ya ɓoye, ya tarar an binne shi makonni uku da suka wuce. Ya je shagon aski, wanda yanzu surukin Purifoy ke riƙe da shi, ya faɗi abin da ya yi a gaban 'yan tsofaffin da suka rage. Ya ɗauka za su tsine masa. Ɗaya ya ce, "Kai, abin bai yi kyau ba," ɗaya kuma ya tambaya ko wane Otha ake nufi. Aka koma hirar ƙwallo.

A 1981 Vernell ta kwanta ciwo na wata biyu ta rasu. Ranar jana'iza, Lemuel na zaune a layin gaba a coci, sai ya ga matar da ke kaɗa musu piyano ta tashi ta ba wani wuri. Otha ne, cikin baƙar kwat da ta matse shi. Ya kaɗa waƙar coci da Vernell ke so, a hankali, babu ado. Wannan ne karo na farko da aka ji hannunsa a Pittsburgh tun yana saurayi. Tsofaffin mata suka riƙa tambayar juna wane ne wannan.

Bayan an dawo daga maƙabarta, gida ya cika da mutane da kwanukan abinci, Lemuel ya fita bayan gida ya zauna a kan wani juyayyen bokiti. Otha ya biyo shi da faranti biyu, ya miƙa masa ɗaya.

"Ci. Cleota ta ce tun jiya ba ka sa komai a cikinka ba."

"Na gode da ka zo."

"Ba don kai na zo ba. Vernell ba ta yi mini komai ba." Ya tsaya yana cin dankali a tsaye. "Ka san abin da ya fi ci mini rai? Na yi ta lissafi shekara biyun nan. Wataƙila da ka kai, da Sturdivant ya sa, da an sayi ɗari biyu, kamfanin ya mutu duk da haka, in ƙare a shagon nan dai. Mutane nawa suka fi ni hannu suka ƙare suna tuƙa tasi? Wataƙila kuma da ba haka ba. Ba zan taɓa sani ba. Shi ka ɗauke mini."

"Ban zo in ce ka yafe ba."

"Gara da ba ka ce ba, don ban kai can ba tukuna." Ya goge baki. "Fayafayan ina ba mutanen da nake yi wa gyara. Wata tsohuwa ta ce yaron da ke jikin hoton kyakkyawa ne, wai ɗana ne? Na ce mata a'a, wani ne da na sani."

Daga ranar sai ya zama duk Lahadi da yamma wayar gidan Lemuel na ƙara. Otha ne, yana tambaya ko ya sha maganinsa, ko rufin ya daina yoyo. Sukan yi hirar ƙwallo da tsadar kaya da ciwon gwiwa. Kiɗa ne kaɗai ba sa taɓawa. Lemuel bai ƙara yarda ya jero wa kowa biyar ɗin hamsin da bakwai ba. In aka matsa masa sai ya ce kunnensa ya tsufa. Bai taɓa jin kalmar yafiya daga bakin ƙanensa ba, bai kuma taɓa ganin ya cancanci ya nema ba. Wani lokaci in sun yi sallama yakan daɗe riƙe da kan wayar, yana jin kamar akwai sauran magana a ɗaya gefen.

A bazarar 1990 zuciyarsa ta fara gazawa, aka kwantar da shi. Otha ya zo ya kwana uku a garin, kullum yana zuwa da rana ya zauna a bakin gado yana ɓare masa lemo. Ranar ƙarshe suka kama musu a kan wani kare da suka taɓa yi suna yara. Lemuel ya ce baƙi ne mai farin wuya, Otha ya ce ja ne, kuma gurgu.

"Kai fa kana rarrafe lokacin. Me ka sani?"

"Ni ya ciza, Yaya, ba kai ba. Ai na fi ka sanin kalarsa."

Ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce su rage murya, akwai marasa lafiya. Otha ya tashi ya sa hularsa, ya ce zai kama bas ɗin ƙarfe huɗu, Lahadi zai kira. Lemuel ya rasu ranar Juma'a da hantsi, yana da shekara sittin da shida.